Ina neman shawara: yara sun mai da 'yan Furitan dodanni, ni kuma sun kalli hijabina

Maman Haidar:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da matsala na zo, kuma waɗanda suka riga ni riƙe alli nake nema. Ina koyar da adabi a wata sakandaren gwamnati a nan Amurka, 'yan aji 11, yara masu shekara 16 zuwa 17. A wannan ajin aka saba ba su adabin ƙasarsu, kuma littafin da ya faɗo mana a wannan zangon shi ne The Scarlet Letter na Nathaniel Hawthorne, wanda ya fito a 1850.

Ga wanda bai karanta ba: a Boston ne, wajen 1642, lokacin garin na hannun 'yan Furitan, wasu Kiristoci masu tsauri da suka yi hijira daga Ingila. Wata mata, Hester Prynne, mijinta ya turo ta gaba daga Turai, aka yi kusan shekara 2 ba shi ba labarinsa, sai ga ta da jaririya. Aka tsayar da ita a kan dandamali a bakin kasuwa awa 3, goyo a hannu, aka kuma yanke mata ta riƙa sa jan harafin A a ƙirjin rigarta har ta mutu. Aka yi, aka yi ta faɗi uban 'yar, ta ƙi. Uban kuwa shi ne matashin faston garin, Dimmesdale, wanda shi ɗin aka sa ya roƙe ta a gaban jama'a ta faɗi sunan. A ranar kuma mijin ya iso, ya ɓoye kansa da sunan Chillingworth, daga baya ya zama likitan faston.

Kwana 3 da farawa wani yaro ya ce shi ya gama gane littafin: masu addini mugaye ne, shi ke nan. Ajin ya yi dariya. Sai wata yarinya, ba da mugunta ba wallahi, ta dubi hijabina ta ce, "A ƙasarku ma haka ake yi?" Na ba ta amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Saura mako 4. Ta ina zan ɓullo?

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Malama, kafin a je ga ta ina za ki ɓullo, ni tambayata me ya sa ake shiga tun farko. 'Yata ta yi wannan littafin bara. Da na ji labarin matar aure ce da fasto, sai da na je makarantar. Duk littattafan duniya a rasa na ba 'yan mata sai wannan? Kuma mazinaciyar ce tauraruwa.

'Yar Jami'a:
Baba, da girmanka, ka karanta shi kuwa? Babu fa batsa ko layi ɗaya. An buɗe labarin ne bayan komai ya wuce, jaririyar ma wata 3 gare ta. Harafin kansa marubucin bai fito ya ce ga kalmar da yake tsaye a kanta ba. Abin da yara ke gani a waya kafin a kaɗa ƙararrawar safe ya fi wannan nesa ba kusa ba.

Baban Ummi:
Ban karanta ba, 'yata. Na buɗe, shafi 2 na ji barci. Amma lalacewar waya ba hujja ba ce.

Tsohon Malami:
Baban Ummi, barcin nan ba laifinka ba ne, na san inda ka buɗe. Gabatarwar nan ce ta ofishin kwastan, mai tsawon tsiya. Ta kashe wa mutane da yawa sha'awar littafin tun kafin su ga Hester.

Maman Haidar, ƙanwata, amma maganinki yana cikin gabatarwar nan da kowa ke tsallakewa. Kar ki ba su duka. Ki tsamo wurin da yake maganar kakanninsa kawai. An haifi Hawthorne a Salem a 1804. Kakansa na farko a ƙasar, William Hathorne, ya yi suna wajen gallaza wa Kiristoci 'yan ɗariƙar Kwaka, har da sa a yi wa mace bulala a titi. Ɗansa John Hathorne yana cikin alƙalan shari'ar mayu ta Salem a 1692, wadda aka rataye mutum 19 a cikinta, aka kuma danne wani dattijo, Giles Corey, da duwatsu har ya cika. A gabatarwar, marubucin ya ce ya ɗauki kunyar abin da suka yi a kansa. A wuri guda kuma ya hasko yadda za su raina shi da za su dawo, su ce jininmu ya ƙare a rubuta tatsuniyoyi. Ga kunya, ga alfahari, ga tsoron rainin magabata, duk a zuciya ɗaya.

To ki nuna wa yaron nan cewa wanda yake ba shi labarin jika ne da ke tuhumar gidansu bayan shekara 200, ba ɗan jarida da ya tsaya a kasuwar ba. Kuma ya rubuta shi yana cikin ɓacin rai: an raba shi da aikin kwastan a 1849 saboda canjin gwamnati, mahaifiyarsa ta rasu a shekarar. Labarin nan da ya bayar na cewa ya tsinci tsohon harafin a saman bene cikin takardu, ƙirƙira ce. Yara sukan ɗauka gaske ne.

Maman Haidar:
Allah ya ƙara girma, Malam. Na tsallake gabatarwar gaba ɗaya, abokan aikina ma haka suke yi. Zan koma in ciro sakin layin. Amma ina tsoron kar ya zama na ƙara wa yaron hujja. In na kawo rataye mutum 19, ai cewa zai yi ka gani ko.

Tsohon Malami:
Zai ce. Ki bar shi ya ce, don gaskiya ce, kuma malamin da ya ɓoye gaskiya don kare matattu ya zubar da girmansa a gaban rayayyu. Ki ma ƙara masa: dokar yankin ta 1641 kisa ta tanada kan zina da matar aure, kuma a 1644 an rataye Mary Latham da James Britton a Boston a kan haka. A littafin ma an faɗa cewa sassauci aka yi wa Hester, don ana zaton mijinta ya nutse a teku. Sannan ki juya ɗaya gefen. Mutanen nan su suka kafa jami'ar Harvard a 1636, shekara 6 kacal da kafa Boston. A 1647 suka yi doka cewa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malamin da zai koya wa yara karatu da rubutu, dalilinsu kuwa kar Shaiɗan ya raba mutane da littafi mai tsarki. Makarantar gwamnati da yaron ke zaune a ciki yana zaginsu, tushenta yana da alaƙa da wannan dokar. Ki ajiye masa duka biyun a kan tebur, kar ki ɗauke masa ɗaya.

Ɗan Maraɗi:
Ni hwa da Faransanci na karanta shi, kuma can harafin A ya zauna daidai, don kalmar zina da A take farawa a wurinsu su ma. Amma na daɗe ina tunanin in za a mai da shi Hausa, mi za a sa mata? Dole Z. Kuma ku duba ikon Allah: a babi na 13, bayan shekara 7 tana jinyar marasa lafiya tana taimakon matalauta, mutanen gari sun fara cewa A ɗin na nufin Able, wato mai iyawa. To mu nan zaruma muke cewa, ba jaruma ba. Z ɗin ya tsaya inda yake. Kanawa sai ku nemi mafita.

Antin Zango:
Ɗan Maraɗi ka ci gari wallahi. Ni abin da ya tsaya mini a rai ɗinkin ne, don sana'ata ce. An ce ta sa alamar kunya, ita kuma ta zauna a kurkuku ta yi mata surfani da zaren zinariya, ta fito da ita tana walƙiya. Duk wadda ta taɓa riƙe allura ta san wannan ba aikin dare ɗaya ba ne, kuma ba aikin mai neman gafarar mutane ba ne. Bayan haka garin kaf ya koma yi mata ciniki: safar hannun gwamna, kayan jarirai, likkafani. Abu ɗaya ne ba a taɓa kai mata ba, mayafin amarya. Malama, ki tambayi yaran me ya sa gawa ta halatta amarya ta haramta.

Maman Haidar:
Anti, wannan tambayar na rubuta ta yanzun nan a littafin darasi. Allah ya bar zumunci.

Alaramma:
Salamu alaikum. Ban karanta littafin ba, a kan abin da kuka faɗa zan yi magana. Malama, tambayar yarinyar tana da amsa a addini, ba sai kin yi kame-kame ba. Shari'a ta ɗora shaidu 4 a kan wannan tuhuma, kuma wanda ya jefi mace kamila bai kawo su ba, shi ake yi wa bulala 80, a daina karɓar shaidarsa. Yana nan a Suratun Nur, aya ta 4. Wanda ya zo da kansa ya yi iƙirari ma, Ma'izu, Annabi (SAW) kau da kai ya riƙa yi. Rataya wa mutum alama ya yi ta yawo da ita har mutuwa ba ya cikin abin da aka koya mana. Suturtawa aka koya mana.

'Yar Jami'a:
Allah gafarta Malam, haka yake a littafi. Amma yarinyar ba fiƙihu ta tambaya ba, cewa ta yi haka ake yi. In Anti ta ba ta wannan amsar kaɗai, ta koma gida ta shiga intanet, Safiya Hussaini za ta gani a Sakkwato da Amina Lawal a Katsina. Dukansu ciki ne ya zama hujja a kansu, dukansu mazan da suka ambata aka sallame su. An wanke su a ɗaukaka ƙara, Safiya a 2002, Amina a 2003, amma an riga an san fuskokinsu a duniya. Kuma a bar kotu ma. Wace unguwa ce a garuruwanmu ba a san gidan da aka yi cikin shege ba? Yarinyar ake nunawa da baki. Yaron a kira shi da sunan har ya yi furfura. Namijin kuwa yana sahun gaba.

Alaramma:
Kotunan sama sun gyara kuskuren na ƙasa, ai wannan shaida ce gare ni ba a kaina ba. Abin da unguwa ke yi kuma jahilci ne, ba ni zan kare shi ba.

Baban Ummi:
Ka ji irin abin da nake gudu. An fara da littafin Turawa, ga shi an dawo ana tonon silili a gida.

Mai Gadin Zaure:
Jama'a a yi hattara. Ba a hana kowa magana ba, amma Malama darasi ta zo nema, ba fatawa ba. A dawo kan aji.

Maman Haidar:
Na gode Mai Gadi, amma ka bar su, don sun taɓo ainihin abin da ya hana ni barci. Gaskiyar da na kasa faɗa wa yarinyar ita ce, a cikin ɗakin nan kaf, ni na fi kowa sanin Boston ta 1642. Ba don hukuncin ba. Don na tashi a garin da in ka yi tari da dare, da safe maƙwabta za su zo gaishe ka da jiki. Na san daɗin wannan, na san ɗacinsa. Ranar da mahaifina ya rasu ba mu ɗora tukunya ba har kwana 7, kwanuka ne ke ta shigowa. Mutanen da suka kawo kwanukan, su ne dai suka hana wata ƙawata sakat har ta bar garin. Ba ƙungiya biyu ba ce, mutane ɗaya ne.

Ɗalibaina da yawa ba su san sunan maƙwabcinsu ba. Shi ya sa suke ta tambaya me ya hana Hester tattara kayanta ta tafi, tunda ba a ɗaure ta ba. Su a wurinsu gari wurin kwana ne. Kuma kalmar kunya a Turancinsu kusan kullum cuta ce da ake neman magani. Mu kuwa in aka ce yarinya tana da kunya yabo ne, in aka ce ba ta da ita an gama da ita. Ina so su fahimci cewa akwai duniyar da idon jama'a yake riƙe mutum kamar yadda yake shaƙe shi. In ba su gane wannan ba, ba za su gane abin da Hester ta rasa ba, balle abin da Dimmesdale ke tsoron rasawa.

Tsohon Malami:
To kin ga darasinki da kanki. Ki faɗa musu wannan ɗin, da kwanukan da ƙawar, kar ki rage ko ɗaya.

Ga dabarar aiki kuma. Littafin babi 24 ne, amma a kan dandamalin nan aka kafa shi sau 3. Da farko da rana tsaka, Hester ita kaɗai da goyo. A babi na 12 da tsakar dare, faston ya hau a ɓoye, Hester da 'yarta Pearl suka zo wucewa daga gidan Gwamna Winthrop da ya rasu a daren, suka tsaya su uku suna riƙe da hannun juna. Pearl ta tambaye shi ko zai tsaya da su haka gobe da rana, ya ce a'a. A babi na 23 ya hau da rana, ya faɗa, ya mutu. Ki raba ajin gida 3, kowane rukuni ya zana wa ke sama, wa ke ƙasa, wa ke kallo, haske ne ko duhu. Ko malalacin yaro zai iya wannan.

Shi Dimmesdale ai mai kaza a aljihu ne, ba ya jimirin as. Ki sa su ƙirga sau nawa ya dafa ƙirji. Abin da ya fi ba ni haushi da shi, yakan hau mumbari ya ce shi ne mafi zunubin kowa, yana sane sarai cewa tawali'u za su ɗauka, su ƙara ganin waliyyinsa. Ya faɗi gaskiya ta hanyar da ta zama ƙarya. Yara masu shekara 16 sun san wannan fasahar fiye da ni da ke.

Ɗan Maraɗi:
Kuma kar a manta da mijin. Babin da ya shiga gidan faston sunansa matsattsaku, wai tsohuwar kalmar likita ce a Turanci, amma kowa ya gane habaicin. Shi aka zalunta da hwari, amma shi ne ya ƙare abin tsoro. Da faston ya mutu bai kai shekara ba ya bi shi, kamar wanda aka ƙwace wa sana'a. Dukiyarsa kuma Pearl ya bar wa, 'yar da ba tasa ba. Har yau ban san mi zan yi da wannan ba.

'Yar Jami'a:
Anti, shawara ɗaya: kar ki yi aikin nan da na ji ana ba yara, wai kowa ya yanka harafin laifinsa ya manna a riga ya yini da shi. Masu farin jini za su mai da shi wasa, wadda ake tsangwama da gaske kuma ita za ta sha wuya. In kina son su ji a jikinsu, ki tambaye su kawai wa suka taɓa tura hotonsa ko sirrinsa a waya. Kar su amsa da baki.

Maman Haidar:
Akwai masu yin sa, ni ma ban so shi ba, yanzu kin ba ni dalili. Wata abokiyar aikina kuma cewa ta yi in ajiye littafin in ɗauki wasan kwaikwayon Arthur Miller na 1953 kan mayun Salem, ya fi sauƙin Turanci. Gaskiya ne ya fi sauƙi, jimlolin Hawthorne sai ka yi numfashi biyu kafin ka kai aya. Amma a can an fi saurin gane wa za a tsana, ni kuma saurin nan nake yaƙi da shi.

Baban Ummi:
Na tambayi Ummi daren jiya. Ta ce ita ba ta ga an yabi zina a ciki ba, kowa ya ɗanɗana kuɗarsa. Ta ce wai in karanta daga babi na 1, shafi 2 ne kawai, ƙofar kurkuku da wani fure. Ban canza ra'ayi ba, Malama, har yanzu da ni ke zaɓe da ba shi zan zaɓa ba. Amma na ce ta ajiye mini shi a mota.

Maman Haidar:
Jama'a ga rahoto, tunda kun sha wahalata. Jiya na koma da su babi na 2, wurin matan da ke tsaye a ƙofar kurkuku suna jiran a fito da Hester. Ɗaya ta ce da ƙarfe mai zafi ya kamata a yi mata tambari a goshi. Wata ta ce kisa ne hakkinta. Sai wata ƙaramar matar aure, riƙe da hannun ɗanta, ta ce a hankali, ko ta rufe alamar, zafin yana nan a zuciyarta. Na tambayi yaron nan: wannan ta ukun 'yar Furitan ce ko a'a? Ya ce eh. Na ce cocinsu ɗaya da sauran? Ya ce eh. Ya yi shiru, sannan ya ce to ita ɗaya ce tak. Na ce haka ne, kuma kusa da ƙarshe za ka ga ita kaɗai ce ba ta cikin taron, don Hester ta riga ta ɗinka mata likkafani. Ya ce wannan rashin adalci ne, marubucin ya kashe ta da gangan. Na ce ya rubuta mini shafi ɗaya a kan dalilin.

Na kuma ba su labarin kwanuka da ƙawata. Yarinyar da ta yi tambayar ta tsaya bayan an tashi. Ta riga ta karance littafin, kuma ƙarshen ya ɓata mata rai: Hester ta fita da Pearl, ta tsira, bayan shekaru ta dawo ita kaɗai bukkarta ta bakin teku, ta ɗauki harafin ta mayar da hannunta, alhali ba mai tilasta mata. Ta ce ita ba ta yarda mace mai hankali za ta yi haka ba. Sai ta ce, "Ƙawar taki ta taɓa komawa?" Na ce sau ɗaya, da mahaifiyarta ta rasu. Ta ce, "An kawo kwanukan?" Na ce an kawo.

Antin Zango:
Ta ci?

Maman Haidar:
Ban kasance a garin ba, Anti. Zan kira ta in tambaya, in ta ɗauka. Malam, ranar Litinin za mu shiga daji, babi na 16 zuwa 19, inda ta cire harafin ta yar, Pearl kuma ta ƙi tsallako rafi sai ta mayar. In karanta musu da baki ne, ko in raba musu murya su yi?

Tsohon Malami:
Raba musu. Ki ba yaron nan Dimmesdale.